Ido a Sama, Ƙafa a Ƙasa

Ƙannena, da yawanku kun ga irin bidiyoyin nan a YouTube ko TikTok. Ƙaramin jirgin jet, tsawonsa bai wuce tsayin mutum ba, ya taso daga titi yana kururuwa, sai hoton ya koma cikin jirgin: ƙasa ta mirgine ta koma sama, gajimare ya dawo ƙarƙashi, gonaki da hanyoyi suna wucewa fiu. Mai tuƙin kuwa yana zaune a kujera a gefen fili, rimot a hannu, ƙaton tabarau ya rufe masa ido. Kyamarar da ke hancin jirgin ce take aiko masa da hoto kai tsaye, sai ya ji kamar shi ne a ciki. Masu harkar suna kiran wannan FPV. Ba na cikin masu cewa wasan banza ne. Wanda ya iya shi ya san lantarki, ya san rediyo, ya san halin iska, kuma irin wannan sani ba ya ɓacewa. Amma akwai abin da bidiyon ba ya nunawa, a kansa nake son mu yi magana.

A watan Satumba na 1913, a kusa da birnin Kiyef, wani hafsan sojan Rasha mai suna Pyotr Nesterov ya ɗaga hancin jirginsa ya yi cikakkiyar alkafura a sama, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Ladan da ya fara samu shi ne tsarewar kwana 10, wai ya yi ganganci da kayan gwamnati. Ku lura da inda yake zaune lokacin da ya yi hakan: a cikin jirgin. Da lissafinsa ya kuskure, wuyansa ne zai fara karyewa. Haka duk matuƙin gaske yake, tsoron ransa ne linzaminsa. Kai kuwa da ka sa tabarau, ka samu idon matuƙi, ba ka ɗauki kasadarsa ba. Idan jirgin ya ƙwace, kana nan zaune lafiya lau. Wanda zai ji a jikinsa shi ne manomin da ke bayan itatuwa, ko yaron da ya biyo ƙara don ya yi kallo, ko mai babur da ke wucewa bai ma san ana yi ba. Tunda babu tsoron rai da zai riƙe ka, dole ka ƙaƙaba wa kanka wani linzamin.

Jiragen nan iri biyu ne. Akwai mai batir, wanda fanka ce a cikin bututu take tunkuɗa iska ta baya. Faɗin fankar yakan zama milimita 64, 70, 80 ko 90, kamfanoni irin su Freewing da FMS da E-flite suna yin su, kuma masu ƙarfi a cikinsu suna wuce kilomita 150 a awa. Sai kuma mai injin jet na ainihi, mai shan kananzir. Wani Bajamushe, Kurt Schreckling, shi ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa mutum zai iya ƙera irin wannan ƙaramin inji da hannunsa; yau JetCat a Jamus da KingTech a Taiwan suna sayar da su a shirye. Injin yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, zafin iskar da yake fitarwa kan haura digiri 600. A watan Agusta na 2017 wani Bajamushen, Niels Herbrich, ya kai jirginsa gudun kilomita 749 a awa, kundin Guinness ya rubuta masa. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, AMA, wadda aka kafa tun 1936, ba ta yarda ɗanta ya tashi mai kananzir sai ya ci jarrabawa ta musamman a gaban ƙwararru, ta kuma yanke masa iyakar gudu mil 200 a awa, wato kusan kilomita 320. Mutanen da suka fi shekara 80 a cikin abu, idan suka kafa shinge, ba don rashin ƙarfin hali suka kafa ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan maganar take. Ɗauki gudun kilomita 200 a awa, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin jet. Wannan mita 55 ne a kowane sakan. Hoton da kake gani a tabarau ba na yanzu-yanzu ba ne, sai kyamara ta ɗauka, an sarrafa, an aiko, kana ya bayyana. A yawancin kayan da ke kasuwa jinkirin yana tsakanin milisakan 20 da 40. Ƙanƙane ne, amma a milisakan 40 jirgin ya riga ya ci mita biyu. Sai ka ƙara naka jinkirin: daga lokacin da idonka ya gani zuwa lokacin da ɗan yatsanka ya motsa, kusan rubu'in sakan ne ga mai lafiya wanda hankalinsa ke kwance. Mita 14 ke nan. Kafin ka ce me ke nan, jirgin ya wuce tsawon babbar mota. A Amurka da Ingila doka ta tsayar da irin waɗannan jirage a ƙafa 400, kusan mita 120, sai filayen ƙungiyoyin da suka samu izinin wuce haka. Idan hancin jirgi ya kalli ƙasa daga wannan tsayi da wannan gudu, sakan biyu da 'yan kai ne tsakaninsa da turɓaya. Alkafura ɗaya kuma, a wannan gudu, ko ka ja sandar rimot har fukafukai suka ɗauki ninki biyar ko shida na nauyin jirgin, da'irarta tana iya cinye fiye da mita 100 daga gindi zuwa ƙololuwa. Sararin da kake gani kamar ba shi da iyaka, a wurin jet ɗan ƙarami ne.

To me tabarau yake ɓoye maka? Na farko, jikinka ba ya jin komai. Matuƙin gaske yana jin kujera tana danne shi idan ya ja da ƙarfi, yana jin jirgi yana makyarkyata idan iska ta kusa kuɓuce wa fuffuke. Kai babu wanda zai gaya maka. Kuma wannan kuɓucewar iska ita ce ta fi karya jiragen jet. Mutane suna zaton sai jirgi ya yi sanyin gudu take faruwa. A'a, tana faruwa ne duk lokacin da fuffuke ya ɗaga wa iska kai fiye da kima, ko da gudu nawa ake yi. Idan ka karkata jirgi digiri 60 kana kwana ba tare da ya sauka ba, fukafukai suna ɗauke da ninki biyu na nauyinsa, mafi ƙarancin gudun da yake bukata ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Idan ka ja har ninki huɗu, wannan gudun ya ninka biyu cur. Jirgin da yake iya shawagi a kilomita 50, a irin wannan ja sai ya bukaci 100. Shi ya sa wanda ya firgita da ganin ƙasa ta taso masa, ya finciki sanda har ƙarshe, yakan ga jirgin ya kife ta fuffuke ɗaya ya shiga katantanwa. Firgicin ne ya kayar da shi.

Ƙari a kan haka, jet ba shi da farfela a gaba da za ta hura iska kan jela. A jirgi mai farfela, idan ka ga abu ya lalace sai ka ƙara totur, nan take jela ta ji. A jet sai jirgin ya samu gudu tukuna sanda take magana, mai kananzir kuma sai ya ɗauki 'yan sakanni kafin injin ya tashi daga sanyi zuwa cikakken ƙarfi. Kullum sai ka riga jirgin tunani.

Na biyu, kyamarar tana yaudara. Gilashinta mai faɗin gani ne, yana sa abu na kusa ya yi kamar yana nesa. Wayar lantarki da busasshen reshe ba sa fitowa a hoto sai an zo dab da su. Idan kuma kyamarar a kafe take tana kallon gaba kawai, da ka ɗaga hanci don alkafura sai komai ya ɓace, sai sama tsagwaronta, babu inda za ka auna ko fukafukai a daidai suke. Matuƙan gaske a wannan gaɓa sukan kalli bakin fuffuke, sa'an nan su ɗaga kai baya su tarbi layin da sama ta haɗu da ƙasa. Don haka ne wasu ke ɗora kyamara a kan abin da ke bin motsin kansu. Yana taimakawa, amma shi ma sai an koya, in ba haka ba ka juya kai ka manta inda hanci ya nufa. Akwai lambobi da layin da na'ura ke zanawa a kan hoton, tsayi, gudu, ƙarfin batir. Ka san iyakarsu. Layin da ke nuna daidaiton jirgi yakan karkace idan aka daɗe ana kwana mai tsanani. Gudun da GPS ke nunawa kuwa gudu ne a kan ƙasa, ba gudu a cikin iska ba, alhali fuffuke iska kaɗai ya sani. Idan iska tana tura ka ta baya za ka ga lamba babba, ka rage totur, jirgin ya faɗo kana mamaki.

Na uku, hoton kansa yana iya ɗaukewa, kuma lokacin wasa ne ya fi son ɗaukewa. Yawanci ana aiko da hoto a zangon gigahaz 5.8, rimot kuma yana magana da jirgi a 2.4 ko wajen megahaz 900. Sigina ta 5.8 ba ta son shamaki. Idan jirgi ya mirgina, batir ko tankin mai ko injin ya shiga tsakanin eriyarsa da taka, sai hoton ya yi rauni a daidai lokacin da jirgin yake a kife. Tsohon tsari na analog yana da wata kyakkyawar ɗabi'a a nan: yakan fara yin yashi-yashi, ya gargaɗe ka, kana iya hangen ƙasa ta cikin yashin. Sabon tsari na dijital, irin wanda DJI ya fitar a 2019 da waɗanda suka biyo baya, hotonsa tar yake, amma wasu idan sigina ta yi rauni sukan ƙara jinkiri ko su daskare a hoto ɗaya. Kana kallon sararin sama lafiya ƙalau, jirgin kuwa ya daɗe da barin wurin.

Duk wannan ne ya kawo mu kan mutumin da ba ya fitowa a bidiyo, wanda yake tsaye kusa da mai tabarau, idonsa tsirara a kan jirgin. Dokar Amurka ta 2018 ta faɗe shi ƙarara: jirgi ya kasance inda idon mai tuƙi yake ganinsa, ko idon wani mai lura da ke tsaye tare da shi suna jin maganar juna. Ni ina ganin ko babu doka hankali ya isa ya wajabta shi. Da ka sa tabarau ka zama makaho ga duk abin da ke kewaye da kai, shi ne ɗan jagoranka, kuma makaho ba ya gardama da ɗan jagora a bakin rami. Wannan ne wuri mafi wuya ga matashi, ba koyon mirgina ba. Kai ka sayi jirgin da kuɗinka, kai ka iya tuƙi, amma idan ya ce sauka, sauka za ka yi, ko da hotonka tar yake. Shi ya ga shanun da suka shigo fili, shi ya ji jirgi mai saukar ungulu yana tafe, shi ya ga ka yi nisa har jirgin ya zama ɗigo. Kada ka ɗauko abokin da zai tsaya yana ɗaukar bidiyo da waya. Ka nemi wanda shi ma ya iya tuƙi, a haɗa rimot biyu yadda zai iya karɓar jirgin da danna maɓalli ɗaya idan hotonka ya ɗauke. Cire tabarau a tsakiyar tashi ba mafita ba ce: idon da ya fito daga duhu zuwa rana, yana neman ɗan ƙaramin abu a sararin da bai san ta ina zai duba ba, yana bukatar fiye da sakan biyun nan. Ku kuma yi yarjejeniya kan kalmomi tun a ƙasa, gajeru, marasa harshen damo: hagu, dama, hau, na karɓa.

Hanyar koyo ba ta da wani sirri, tsawo kawai gare ta. Ka fara da manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, irin su RealFlight ko PicaSim, inda faɗuwa ba ta cin ko sisi. Daga nan jirgi mai farfela, mai fuffuke a sama, mai sanyin gudu, kana kallonsa da idonka. Sai ka iya sauke shi inda ka ga dama, ba inda ya ga dama ba, kana ka sa masa kyamara. Jet mai batir ya biyo baya, shi ma da ido tukuna. Mai kananzir da tabarau shi ne ƙarshen hanya, kuma da yawa daga ƙwararru ba su taɓa haɗa su biyun ba, ba su kuma rasa komai ba.

Idan lokacin wasa ya yi, ka fara da juyin da ke kai ka sama. Mirgina guda ɗaya, hanci a ɗan ɗage kafin ka fara. Sai alkafura. Sai juyin da ake kira da sunan Max Immelmann, matuƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya: rabin alkafura zuwa sama, ka mirgina ka daidaita, ka fito a sama kana kallon inda ka fito. Ko ka yi kuskure a cikinsa, ka ƙaru da tsayi. Kishiyarsa ce abar tsoro, wato ka kifar da jirgi sa'an nan ka ja rabin alkafura zuwa ƙasa. A nan gudu yana ƙaruwa, da'ira tana faɗaɗa, ƙasa tana matsowa, kuma da ka wuce rabi babu komawa. Ka bar shi sai ƙarshe, ka shige shi da ƙaramin totur, daga tsayi mai yawa. Akwai kuma lamba takwas a kwance, wadda Len Povey, Ba'amurken da ke aiki da sojan saman Kyuba, ya yi suna da ita a Mayami a 1936. Alkafura ce da mirgina a haɗe, kuma tana koya wa mutum riƙe layi. Tsofaffin masu wannan harka a Amurka da Ingila suna ba sabon shiga shawarar ya tashi tsayin kuskure uku, wato inda zai yi kuskure, ya sake yin wani wajen gyaran na farko, ya ƙara na uku, duk bai taɓa ƙasa ba. Bidiyon da ake shafa ciyawa da fuffuke shi ya fi samun masu kallo, na sani. Ba a cika ɗora bidiyon tsince tarkace ba.

Abu ɗaya ba shi da sassauci: hancin jirgi ba ya kallon mutane. A ranar 28 ga Agusta 1988, a sansanin Ramstein da ke Jamus, jiragen ƙungiyar wasan sama ta sojan Italiya suka yi karo a wani juyi da ɗayansu yake nufo 'yan kallo. Mutum 70 suka mutu. Ƙwararru ne na ƙarshe, ba 'yan koyo ba. Kada kuma ka ce ai wannan manyan jirage ne: a 2006, a wani bikin wasan sama a Hangari, jirgin rimot ya ƙwace ya faɗa cikin jama'a ya kashe mutum biyu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ka shata layi a fili, mutane duka a bayansa, kai da mai lura a bakinsa, kowane juyi a yi shi a gefe ko ana nesanta daga layin. Ka kuma saita abin da jirgi zai yi idan ya daina jin rimot, inji ya mutu, ka gwada shi a ƙasa ta hanyar kashe rimot ɗin kafin ka yarda da shi.

Ga wanda yake Najeriya akwai ƙarin magana. Tun watan Mayu na 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A Janairun 2025 rundunar sojoji ta Hadin Kai ta hana tashinsu a arewa maso gabas. Ka sa kanka a matsayin sojan da ke tsaye a shinge, ya ga abu mai siffar jirgin yaƙi yana ta juyi a sama, ya bi sawu ya tarar da saurayi da rimot da fuska a rufe. Bayanin cewa sha'awa ce ba lallai ya samu lokacin fita ba. Ka nemi izini kafin ka sayi kaya, ka nisanci filin jirgi da bariki da gidan gwamnati, ka gaida mai unguwa da mai gonar da za ka tashi a kanta. Idan kuma abin ya shiga ranka da gaske, akwai ƙofofi: Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tana nan tun 1964, a Kaduna kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi mara matuƙi na sojan saman Najeriya, a Fabrairun 2018.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A zafin Maris da Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Yamai, iska ta fi sakayau, jirgi yana bukatar titi mai tsawo kafin ya tashi, ya kuma sauka da gudu fiye da yadda takardar kamfani ta nuna. Da hunturu hazo yana shafe layin sama da ƙasa a tabarau, ya kuma haɗiye farin jirgi daga idon mai lura, don haka ranar hazo ranar hutu ce. Yashi kuwa maƙiyin fanka ne da inji, duk abin da ke kan titi suna zuƙe shi.

Sai batir. Irin wanda ake kira LiPo, kowane ɗaki nasa bolt 4.2 ne idan ya cika, jet mai matsakaicin girma yakan ɗauki mai ɗaki shida. Fanka tana zuƙar wuta sosai, minti uku zuwa huɗu ke nan ka gama. Kada ka sa shi caji ka tafi masallaci ko ka kwanta barci, kada ka bar shi a mota cikin rana, wanda ya kumbura ko ya lotse a faɗuwa kuma ya gama aiki. Wutarsa ba ta jin lallashi. Mai kananzir kuma ba a tayar da shi sai da abin kashe gobara a gefe, babu kowa a bayan bututunsa, babu busasshiyar ciyawa kusa.

Saita agogon rimot yadda zai yi ƙara alhali da sauran wutar da za ta isa ka zagayo sau biyu, domin jet ba ya yafe saukar da aka yi cikin tilas. Da ya yi ƙara, wasa ya ƙare, ko kana tsakiyar jin daɗi. A tashinka na farko-farko da tabarau, ka bar mai lura ya karɓa ya sauke da ido. Ranar da ka fara saukewa da kanka, ka shigo kana fuskantar iska, da ɗan totur a hannu har tayoyi su kusa taɓa ƙasa, idan ka ga layin bai yi ba ka ƙara wuta tun da wuri ka sake zagayowa. Bayan ya tsaya, cire batir kafin ka cire komai, ka taɓa shi ka ji zafinsa, ka duba fukafukai da mahaɗan jela ko wani abu ya saki. Batiran da ba za ka yi aiki da su gobe ba, ka mayar da su bolt 3.8 kowane ɗaki kafin ka ajiye.